Makaɗin Bes da Jitar da Ransa Ke So: Daga Samartaka Zuwa Manyanta

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗan zamani. Ta fi jita ta yau da kullum tsawon wuya da nauyin jiki. Tsirkiyoyinta na asali huɗu ne, kuma mafi kaurinsu tana girgiza kusan sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mai sauraro kan ji amonta a ƙirji kafin kunne ya tantance shi. Aikinta shi ne ta haɗa bugun ganga da karin waƙa, ta riƙe sauran makaɗa kada kowa ya kama gabansa. Mai kaɗa ta ba shi ne aka fi kallo a dandamali ba, amma da zarar ya yi shiru sai kiɗan ya koma fanko.

Kusan kowane makaɗin bes yana da wata jita da yake burin mallaka, kuma wannan buri ba ya zama wuri ɗaya. Abin da yaro ɗan shekara 15 yake kwana yana tunani ya sha bamban da abin da zai nema idan ya kai 40 ko 50 yana sana'ar. A farko ido ne ke yin zaɓen, tare da ƙaunar wani gwani. Daga baya kunne ya karɓa, sannan kafaɗa da baya da irin aikin da ake ci da shi su sa baki.

Kasuwar da ake zaɓe a cikinta

Kafin zuwan lantarki, masu kiɗa a Amurka da Turai suna dogara ne da ƙaton bes na tsaye, wanda ya kai tsayin mutum, ga wuyar ɗauka, ga shi ganguna da ƙahoni suna danne muryarsa. Paul Tutmarc na birnin Seattle ya ƙera bes na lantarki da ake ratayawa tun a shekarun 1930, amma bai samu kasuwa ba. Wadda ta canza al'amarin ita ce Precision Bass da Leo Fender ya fitar a 1951. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, wanda ya zama ma'auni har yau, kuma an jera siraran sandunan ƙarfe a wuyanta domin kowane sauti ya fita daidai inda aka danna. A 1960 kamfaninsa ya ƙara da Jazz Bass, mai siririn wuya da na'urorin ɗaukar sauti guda biyu.

Daga nan sai ƙira ta yawaita. Rickenbacker ya fitar da 4001 a 1961, mai kaifin murya. Gibson ya fitar da Thunderbird a 1963, mai dogon jiki da ya karkace. Alembic, wanda aka kafa a California a 1969, ya buɗe ƙofar jitocin da ake ƙerawa da hannu daga katakai masu tsada. Music Man StingRay ta zo a 1976 da batir a cikinta mai ƙara wa sauti ƙarfi da kaifi. A farkon shekarun 1980 kuma jitar Ned Steinberger ta bazu, ba ta da kai, jikinta ɗan ƙarami, kuma ba da katako aka yi ta ba. Yawancin burin makaɗan bes, yara da manya, yana yawo ne tsakanin waɗannan iyalai da jikokinsu.

Lokacin da ido ke zaɓe

Matashin da ya fara koyon bes yakan san jitar da yake so tun kafin ya taɓa riƙe ta. Ya gan ta a hoto, ko a bidiyo, a wuyan wani da yake ɗauka babu kamarsa. Masu son kiɗan rok mai nauyi sun taso suna kallon Rickenbacker a hannun Lemmy na ƙungiyar Motörhead da Cliff Burton na Metallica, ko Thunderbird a hannun Nikki Sixx. Wasu Gene Simmons ne ya ɗauke hankalinsu da jitarsa mai siffar gatari, wasu kuma Bootsy Collins da tasa mai siffar tauraro. Kamfanin B.C. Rich ya yi suna da jitoci masu tsinin kusurwoyi irin su Warlock, kuma samari ne manyan masu sha'awarsu. Baƙin launi, ƙyalli, da siffar da za a hango daga nesa su ne kan gaba.

Bayan siffa sai yawa. Matashi yakan ɗauka cewa tsirkiya shida ta fi huɗu, mamurɗai bakwai sun fi biyu, kuma wuya mai gaɓoɓi 24 ya fi mai 20. Salon da ya fi burge shi ma shi ne wanda ke fito da makaɗin fili, musamman dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgarta da manuni, salon da Larry Graham ya shahara da ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1960, Louis Johnson da Mark King da Flea suka ƙara yaɗa shi. Wannan salo yana son sababbin tsirkiyoyi masu kaushi da jita mai batir, don haka StingRay da ire-irenta suka daɗe a saman jerin abin da samari ke buri.

Akwai dalili mai kyau a bayan wannan. Matashi yana koyo ne shi kaɗai a ɗaki, inda ba ganga ba mawaƙi, don haka muryar da ta fi masa daɗi ita ce mai cika ɗakin ita kaɗai: ƙasa mai kauri, sama mai kaifi. Yana kuma neman wanda zai zama, jitar kuwa tana cikin amsar. Wannan sha'awa ita ce ke sa yaro ya jure bororon da ke fitowa a kan yatsunsa a makonnin farko, ya ci gaba da maimaita layi ɗaya har ya zauna. Malaman kiɗa da yawa sun san cewa ɗalibi ya fi ɗaukar jitar da yake jin daɗin kallo, don haka ba sa raina wannan mataki.

Abin da ke hannunsa a zahiri kuwa daban ne. Yawanci Squier ce, wato reshen Fender mai rahusa da ya fara fitar da jitoci a 1982, ko Ibanez, ko Yamaha, ko wata ta hannu da ba a san mai ƙirarta ba. Manyan makaɗa ma da haka suka fara. Paul McCartney ya sayi Höfner mai siffar goge a Hamburg a 1961 saboda kuɗinsa bai kai na Fender ba, kuma da yake bahago ne, siffarta mai daidaiton gefe biyu ba ta nuna an juya ta. Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa layukan da suka fitar da sunansa a faifan Graceland na Paul Simon, a 1986, da wata Washburn marar sandunan wuya wadda ba ta cikin masu tsada.

Lokacin da kunne ya karɓa

Sauyin farko yana zuwa ne ranar da matashi ya shiga ƙungiya. A nan yake gano cewa muryar da ta cika ɗakinsa ta ɓace a tsakiyar sauran kaya. Kaurin ƙasan ya cakuɗe da babbar gangar ƙafa, kaifin saman kuma jita da farantan ganga sun cinye shi. Abin da ke sa a ji bes a cikin taro shi ne muryar tsakiya, wadda ita ce ya saba ragewa saboda ba ta da daɗi idan shi kaɗai ne. Precision, wadda ya raina saboda mamurɗanta biyu ne kacal, ɗaya na ƙara ɗaya na launin murya, a nan take da ƙarfi. Tun 1957 aka raba na'urar ɗaukar sautinta gida biyu, abin da ya kashe gurnanin lantarki ya kuma ba ta murya mai cika tsakiya.

Shi ya sa injiniyoyin sauti suka daɗe suna maraba da ita. James Jamerson ya kaɗa ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown a Detroit da Precision ƙirar 1962, da tsirkiyoyi masu santsi da ba ya canzawa sai sun tsinke, kuma da yatsa ɗaya yake jan su. Carol Kaye, wadda ta yi dubban zaman ɗaukar sauti a Los Angeles, ita ma Precision ta riƙe shekaru masu yawa, tana kuma sa abin da zai ɗan danne tsirkiyoyin domin sautin ya fita gajere, a tsaftace. A Jamaika, Aston Barrett, wanda aka fi sani da Family Man, ya gina kiɗan Bob Marley a kan Jazz Bass mai murya mai zurfi marar kaifi. Matashin da ya fara sauraron waɗannan da kunnen ma'aikaci yakan fahimci cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Dandamali ma yana da nasa darasin. Thunderbird tana da kyan kallo, amma da yawa daga cikinsu kansu yakan rinjaya ƙasa da zarar an saki wuyan, sai hannun hagu ya koma yana tallafe jita maimakon ya yi kiɗa kawai. Jita mai tsinin kusurwoyi ba ta zama da kyau a cinya, ba ta shiga jakar da aka saba, kuma ba ta dacewa da bikin aure ko wurin ibada. Mai batir kuwa, in batirin ya mutu ana tsakiyar waƙa, murya takan dushe ko ta ɗauke gaba ɗaya. Makaɗin da ya fara karɓar kuɗin aiki yakan fara tambayar abin da bai taɓa tambaya ba: shin tana riƙe saiti har ƙarshen taro, kuma in ta lalace akwai mai gyara a kusa?

Shekarun tarawa

Tsakanin shekara 25 zuwa 40, lokacin da ɗan kuɗi ya fara shigowa, makaɗa da yawa sukan shiga saye da sayarwa da musaya. A wannan mataki ne ake gwada marar sandunan wuya, yawanci saboda Jaco Pastorius, wanda ya cire sandunan wata Jazz Bass ƙirar 1962 ya shafe wuyan da wani ƙaro mai tauri, ya fitar da murya mai kama da waƙar ɗan Adam. A nan ne kuma ake kallon jitocin ƙananan masana'antu irin su Fodera da Sadowsky na New York, ko Wal ta Ingila, waɗanda farashinsu kan kai dubban daloli.

Tsirkiya ta biyar ma a nan take shigowa, amma da dalilin da ya bambanta da na samartaka. A shekarun 1980 fiyano na lantarki ya fara sauka ƙasa da inda bes mai tsirkiya huɗu ke tsayawa, sai makaɗa suka buƙaci ƙarin tsirkiya mai kauri, wadda ke girgiza kusan sau 31 a daƙiƙa. Yamaha ya fitar da BB5000 a 1984, Music Man ya biyo da StingRay mai tsirkiya biyar a 1987. A yau mai kaɗa wa mawaƙan coci, ko mai bin mawaƙa daban-daban da ke sauya matakin murya yadda suka ga dama, yana ɗaukar ta biyar a matsayin kayan aiki. Matashi yana son ta don ta fi yawa. Babba yana riƙe ta ne don aikin ya tilasta, kuma ya san nauyin da ta ɗora masa na danne tsirkiyar da ba a kaɗawa kada ta yi gurnani.

Lokacin da jiki ya sa baki

Jitar bes ta yau da kullum tana da nauyin kilo 4 zuwa 4 da rabi, wasu ƙirar shekarun 1970 ma sun haura kilo 5. Ɗan shekara 18 ba ya jin wannan. Wanda ya yi shekara 20 yana tsayuwar awa uku ko huɗu da ita a kafaɗar hagu yana ji, a wuya da ƙugu da gadon baya. Don haka nauyi, wanda ba ya cikin lissafin yaro, yakan zama tambayar farko ta babba. Masu sayarwa da yawa yanzu suna rubuta nauyin kowace jita kusa da farashinta, wasu masu ƙira kuma, irin su Roger Sadowsky, suna rarake cikin katakon domin ya yi sauƙi.

Haka nan tsawon wuya. Jita mai inci 30, kamar Fender Mustang da ta fito a 1966, an daɗe ana ɗaukarta ta yara da masu koyo. Daga baya manya suka koma mata, domin yatsu ba sa buɗewa da yawa, hannu ba ya miƙewa nesa, kuma muryarta tana da kauri mai laushi da ke zama da kyau a ɗaukar sauti. Ga mai fama da ciwon gaɓoɓin yatsu ko na wuyan hannu, wannan bambanci na inci huɗu shi ne ke ba shi damar ci gaba da sana'ar.

Amsa-kuwwa ma ta bi wannan hanya. Burin samari da yawa shi ne Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da ƙarfin wat 300. Kanta kaɗai ya kusa kilo 40, akwatin lasifikarta mai baki takwas kuma ya haura kilo 60. Wanda ya hau bene da ita sau da yawa bayan tashi daga wasa cikin dare yakan yi maraba da na'urorin zamani da ba su kai kilo 3 ba, masu shiga jakar baya. Wasu ma yanzu ɗan ƙaramin akwati kawai suke ɗauka, su jona kai tsaye da na'urar wurin taron.

Ana gane gogaggen makaɗi a shago tun kafin ya jona waya. Yakan fara ɗaga jitar ya ji nauyinta, ya rataya ta ya saki hannu biyu ya ga ko kan zai faɗi. Sai ya bi gefen wuyan da tafin hannu ko bakin sandunan ƙarfen zai karce shi, ya hango wuyan daga kai zuwa gindi ko ya murɗe. Daga nan ya bi sauti ɗaya bayan ɗaya, musamman tsakanin gaɓa ta biyar da ta bakwai a kan siririyar tsirkiya, inda wasu jitoci ke da wurin da sauti ke mutuwa da wuri. Launi shi ne na ƙarshe.

Abin da tarihin manyan makaɗa ya nuna

Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada ya yi suna da Rickenbacker a shekarun 1970, ya koma Steinberger da Wal a shekarun 1980, sannan daga faifan Counterparts na 1993 ya tsaya a kan Jazz Bass ƙirar 1972 da ya saya a wani shagon jingina a garin Kalamazoo. Pino Palladino, ɗan yankin Wales, ya fito da StingRay marar sandunan wuya, wadda muryarta ta mamaye waƙoƙin Paul Young a farkon shekarun 1980. A faifan Voodoo na D'Angelo, a 2000, sai aka ji shi da Precision mai tsirkiyoyi masu santsi, yana kaɗa sauti kaɗan a can ƙasa. Flea na Red Hot Chili Peppers ya bi ta StingRay da Wal da Modulus kafin ya ɗauki Jazz Bass ƙirar 1961 a faifan Stadium Arcadium na 2006. McCartney ya ajiye Höfner ya riƙe Rickenbacker shekaru da dama, sannan a ƙarshen shekarun 1980 ya koma ga Höfner ɗin, kuma rashin nauyinta na cikin abin da ya sa take tare da shi a dogayen wasanninsa har cikin tsufa.

Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Anthony Jackson ya matsa wa masu ƙira su yi masa jita mai tsirkiya shida tun tsakiyar shekarun 1970, kuma bai koma baya ba, domin kiɗan da ke kansa yana buƙatar wannan faɗin. Duk da haka, wadda Fodera ya ƙera masa daga baya na'urar ɗaukar sauti ɗaya ce da ita, babu mamurɗi ko ɗaya. John Entwistle na The Who, wanda ya taimaka wa kamfanin Rotosound wajen samar da tsirkiyoyi masu kaushi a 1966, ya ci gaba da neman ƙarin kaifi da baƙuwar siffa har ƙarshen rayuwarsa a 2002. Abin da ya haɗa su duka shi ne, zaɓin da suka tsaya a kai daga muryar da suke nema ya fito.

Yanayi da kasuwa

Inda makaɗi yake zaune yana da tasiri a kan burinsa. A arewacin Najeriya da Nijar, yawancin waƙoƙin fina-finan Hausa daga fiyano da kwamfuta suke samun muryar bes, don haka an fi ganin jitar kanta a ƙungiyoyin coci na garuruwa irin su Jos da Kaduna, da masu kiɗan otal da bukukuwa, da ƙungiyoyin jita na Agadas da Yamai. Matashi a nan yana ganin jitoci iri ɗaya da takwaransa na Landan a waya, amma abin da ke kasuwa yawanci na hannu ne da aka shigo da su, saitin tsirkiya kuma yana da tsada.

Ga kuma yanayi. A lokacin hunturu katako yana bushewa ya tsuke, bakin sandunan ƙarfe ya fito yana yankar hannu, wuyan ya sauya lanƙwasa. Da damina ta sauka sai ya sha danshi ya koma wata siffa. Ƙura tana shiga mamurɗai su riƙa ƙara, zufa kuma tana cin tsirkiya. Makaɗin da ya ga wannan shekara da shekaru yakan fi daraja jita mai tsayayyen wuya, mai sauƙin wayoyi da duk mai gyaran rediyo zai iya liƙawa, ya kuma koyi murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, mai daidaita lanƙwasarsa, da kansa duk lokacin da yanayi ya juya.

Komawa ga burin ƙuruciya

Akwai mataki na ƙarshe da ake yawan gani. Mutum ya kai 50, yara sun girma, aljihu ya ɗan saki, sai ya je ya sayi ainihin jitar da ya kasa saya yana ɗan 16. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suke sake fitar da tsofaffin samfura, suke ƙera masu ɗauke da sunan shahararrun makaɗa, har ma da sababbi da aka goge fentinsu da gangan don su yi kama da tsofaffi. Jitocin Fender da aka ƙera kafin CBS ya sayi kamfanin a 1965 sun zama kayan tarawa masu tsadar gaske, kuma masu sayensu galibi manya ne.

Irin wannan jita sau da yawa a gida take zama, a kaɗa ta don nishaɗi, wadda ake fita aiki da ita kuma daban. Ta aikin ba lallai ta yi tsada ba, domin ingancin masu rahusa ya ƙaru ƙwarai. Kamfanin Sire, alal misali, ya haɗa kai da Marcus Miller wajen fitar da jitoci masu sauƙin kuɗi da ƙwararru ke hawa dandamali da su. Gogaggun makaɗa sun kuma san cewa gyaran saiti, wato daidaita wuya, tsayin tsirkiya da irin tsirkiyar da aka ɗaura, yakan canza jita fiye da sunan da ke rubuce a kanta. Don haka idan aka tambayi matashi jitar da yake buri, sunan kamfani da launi da sunan gwaninsa zai ambata. Babba kuwa zai faɗi nauyin da kafaɗarsa ke ɗauka, kaurin wuyan da ya dace da tafinsa, muryar da ke zama daidai da mai gangar da suke aiki tare, da tabbacin cewa za ta kai shi ƙarshen taro ba tare da matsala ba.